ZAURE DA ƘURYAR ƊAKI: JAWABI A KAN WURIN AIKI



Abin da za a yi bayani a kansa yau shi ne wurin aiki, watau ɗakin da mutum ya ke zama, ko rumfar da ya ke tsugunawa, ko ofishin da ya ke shiga da safe don neman abincinsa. Mutane da yawa sun ɗauka wuri ba shi da wani tasiri, wai in dai ma'aikaci yana da himma da ilmi, ko'ina aka ajiye shi zai yi abin kirki. Wannan zance akwai gyara a cikinsa. Kowane aiki na hankali kashi biyu ne. Kashi na fari mutum ya kan yi shi ne shi kaɗai, ba mai yi masa magana, har tunaninsa ya nuna. Kashi na biyu kuwa sai da mutane, a kawo abin da aka ƙulla a baje shi a fili, wannan ya hango aibi, wancan ya ƙara dabara. Wurin aikin da ya tanadi kashi ɗaya ya manta da ɗayan, kamar jaki ne da aka ɗora wa kaya gefe guda, ba zai yi nisa ba kayan za su zube.

Dalilin Wannan Magana a Ƙasar Daura

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta dace da ƙasar Daura a wannan lokaci. Tun daga 1976, sa'ad da aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi, ofisoshi su ke ta ƙaruwa. A 1987 aka yanke Jihar Katsina daga Jihar Kaduna. Yau masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5, watau Daura, da Zango, da Ɓaure, da Mai'aduwa, da Sandamu, kowace da sakatariyarta da makarantunta da ɗakunan shan magani. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, cikin watan Disamba na wannan shekara kuma aka aza harsashin ginin Jami'ar Sufuri. Gini kuwa ba riga ba ne da za a tuɓe gobe in ba ta yi daidai ba. Ɗakin da aka gina bana, a cikinsa 'ya'ya da jikoki za su yi aiki har shekara 50 ko fiye. Saboda haka ya wajaba a yi tunani a kan fasalinsa tun ba a aza tubalin fari ba, waɗanda aka riga aka gina kuma a san yadda za a zauna cikinsu.

Abin farin ciki shi ne ba sai an je nesa neman misali ba. Magabata sun riga sun warware wannan matsala cikin ginin gidajensu, da tsarin karatunsu, da yadda su ke sana'a.

Gidan Bahaushe

Mai sauraro ya tuna da gidan ƙasa irin na cikin birnin Daura. Daga titi abin da a ke fara tararwa shi ne dakali, inda kowa ya ke da ikon zama ba tare da neman izini ba. Daga nan sai zaure. Nan maigida ya ke karɓar baƙi, nan a ke cin abinci tare da maƙwabta, nan a ke sasanta rigima, a yi ciniki, a ɗaura aure. Magina sun saba karkatar da ƙofar ciki ta zaure, ba ta fuskantar ƙofar waje sosai, domin kada idon mai wucewa ya zarce cikin gida. Bayan zaure akwai fili, sa'an nan shigifa, wadda ba mai wuce ta sai ɗan gida ko wanda aka yi wa iso. A can ciki turakar maigida ta ke, inda ya ke ajiye littattafansa da takardunsa, ya ƙirga kuɗinsa, ya kwana da maganar da aka kawo masa kafin ya ba da amsa.

Watau gida ɗaya ne, amma hayaniya tana raguwa taki-taki daga waje zuwa ciki. Kaurin bangon tubali yana tare zafi, yana kuma tare ƙara. Abin da ya fi bangon muhimmanci kuwa shi ne ladabin da ke tafe da shi. Baƙo ya kan tsaya a zaure ya yi sallama, a aiki yaro ya faɗa. In yaro ya dawo ya ce maigida ya shiga, ko yana wani uzuri, baƙo ba ya jin an wulakanta shi, don ya san akwai lokacin da za a fito a zauna da shi. Maigidan da ya shige turaka ya ƙi fitowa zaure, ba a daɗe ba mutane za su daina kai masa labari, ya zama baƙo a unguwarsu. Wanda kuwa ya wuni a zaure daga hantsi har isha'i, kowa ya zo ya tarar da shi, zai san labarin gari duka, amma ba zai gama aikin kome ba.

Fada da Majalisa

Haka al'amarin ya ke a sha'anin sarauta. Ko labarin gargajiya na rijiyar Kusugu yana ɗauke da wannan darasi. An ce Bayajida ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, watau aikin wasu ya shiga cikin nasa tun kafin ya iso. Da ya sauka Daura gidan tsohuwa Ayana, da dare ya tafi rijiya shi kaɗai ya kashe macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Amma aikin daren nan bai amfani gari ba sai da gari ya waye, Sarauniya Daurama ta tara manyanta, aka aiki Galadima ya dubo, sa'an nan Kaura ya matsa kusa ya tabbatar macijin ya mutu. Daga nan jama'a suka sami ruwa. Mutum ɗaya ya aikata, majalisa ta bincika ta tabbatar.

A zamanin En'e ma, kamar cikin dogon mulkin Sarkin Daura Abdurrahman, daga 1911 zuwa 1966, tsarin bai sāke ba. Sarki ya kan fito zaman fada, hakimai da fadawa su kawo gaisuwa da ƙararraki a gaban jama'a. Maganar da ta yi nauyi a kan ɗage ta, a shiga da ita ciki tare da 'yan majalisa kaɗan. Alƙali ya kan ji shari'a a fili, mai ƙara da wanda a ke ƙara da shaidu da muhuti duk suna nan, amma mas'alar da ta yi wuya ya kan koma gida ya buɗe Risala ko Muhtasar cikin dare ya duba, kāna ya yanke hukunci. Ba wanda ya ke zargin alƙali don ya ce a dawo gobe.

Kiskadi da Darasu

Babu inda aka fi kyautata wannan tsari kamar wajen mahaddata Alƙur'ani. A tsangaya, yara ƙanana su kan yi karatu tare, kowa da allonsa, muryoyi suna tashi gaba ɗaya. Amma almajiri in ya girma ya zama gardi, ya ɗauki niyyar hadda, hayaniyar nan ba ta yi masa amfani. Sai ya fita bayan gari ya sami gindin itace ko ya kafa 'yar bukka, wurin da a ke kira kiskadi. Nan zai wuni yana maimaita abin da ke allonsa, ba ciniki, ba hira, har ya zauna masa a ka.

Sa'an nan akwai darasu. Gardi ya rubuta allonsa da ka, ba ya duban littafi, ya kawo gaban malam da sauran mahaddata. A bi rubutun nan harafi-harafi, wasali-wasali. Inda ya yi ɓata a nuna masa a gaban kowa, waɗanda ke zaune su ma su ƙaru da kuskurensa. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani izu 60 da hannunsa, ya yi watanni a keɓe da alƙalami da tawada, ba ya cewa ya gama sai ya miƙa wa wasu gwanaye sun duba. Da kiskadi kaɗai a ke yi, da mutum ya haddace kuskure ya riƙe shi har tsufa. Da darasu kaɗai a ke yi, da ba a sami abin da za a kawo a duba ba.

Makarantar ilmi ta zaure ita ma haka ta ke. Malam ya kan yi muɗala'a da dare ko bayan asuba shi kaɗai a ɗakinsa. Da hantsi ya fito zaure, ɗalibai su kewaye shi, kowa da littafinsa. Ɗaya yana ɗaukar karatu, sauran suna saurare, tambayar wani ta buɗe wa wani abin da ya shige masa duhu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubuce-rubucenta a ɗakinta, tana shawara da mijinta Waziri Giɗaɗo da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sa'an nan jajis ɗinta su ɗauki karatun su kai wa matan ƙauyuka, su kuma dawo mata da tambayoyinsu.

Masu Sana'a

Kada a ɗauka wannan magana ta masu alƙalami ce kaɗai. A duba maƙera. Rumfar maƙeri wurin zaman manoma ne, musamman in damina ta ƙarato. Ƙasar Daura jigawa ta yi yawa a cikinta, gero da wake da gyaɗa a ke nomawa, fartanyar da ta dace da rairayi kuwa dabam ta ke da wadda ta dace da laka. Manomi ne ya san inda ƙota ta ke ci masa hannu, shi ya san ko ruwan garma ya cika faɗi. A bakin maƙera ya ke faɗin haka, wani manomi ya musa, wani ya goyi baya, maƙeri yana ji. Ta haka fasalin kayan noma ya gyaru a hankali, ba wanda zai ce shi kaɗai ya ƙago shi. Amma in ƙarfe ya yi ja aka ɗora shi bisa uwar maƙera, maƙeri ba ya amsa gaisuwa. Mai zuga ya san lokacin da zai yi shiru, masu hira su ma su kan dakata, don ƙarfe ba ya jiran kowa.

Haka mai zanen riga. Ya kan keɓe ya fitar da aska biyu ko aska takwas bisa ƙyalle, don layi ɗaya in ya karkace ya ɓata rigar duka. In zane ya fita sai a kai wa maɗinka, su zauna a inuwa ɗaya suna aiki suna hira, ƙarami yana satar kallon hannun babba. Mata kuma su kan yi kaɗi ko saƙar faifai kowace a ɗakinta, amma sabon ado a tsakar gida ko wurin biki a ke ganinsa a hannun wata, a ɗauka a ƙara masa wani abu. Manomi ya kan zaga gonarsa shi kaɗai da sassafe ya ƙudura inda zai shuka kaza, ranar gayya kuwa a taru a gama cikin wuni ɗaya abin da zai ɗauke shi mako biyu. Ɗaukar jinka sai da hannuwa da yawa, shi ya sa Hausawa suka ce shawara ɗaukar ɗaki.

Hukumar Talifi ta Zariya

Littattafan Hausa na boko da aka fi sani ta wannan hanya suka samu. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai. Waɗanda suka shiga kowa a garin da ya ke aiki ya zauna ya rubuta nasa, bayan ya tashi daga aikin yini. Malam Abubakar Imam, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar. Sa'an nan aka tattara rubuce-rubucen a Zariya aka gyara aka buga.

A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Katsina aka kai shi Zariya, aka sauke masa nauyin aji da ɗalibai na wajen wata shida, aka tara masa littattafan labarai na ƙasashe dabam-dabam. Ya karanta, ya rubuta, ya kawo su tattauna da East, ya koma ya sāke. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, wanda har yau a ke karantawa a makarantu. Abu biyu hukuma ta ba shi: lokacin da ba mai katse shi, da abokin shawara wanda ya ke kusa. A 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Abin da Aka Gano a Ƙasashen Waje

Turawa sun yi ta gwaje-gwaje a kan wannan al'amari, sakamakon da suka samu kuwa bai saɓa wa abin da gardi ya sani ba. A 1958 wasu masana na Jami'ar Yale a Amurka suka ɗauki ɗalibai 96. Rabinsu aka kasa su huɗu-huɗu aka ce su taru su kawo dabarun warware wasu matsaloli. Sauran rabin aka ba su matsalolin nan, amma kowa ya zauna shi kaɗai. Da aka haɗa abin da mutum huɗu masu zaman kaɗaici suka rubuta, sai aka tarar dabarunsu sun kusa ninka na masu zaman taro. Dalili kuwa a fili ya ke. A taro mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, kafin layi ya zo kan wani ya manta abin da ya zo masa. Wani yana tsoron a yi masa dariya. Wani kuma ya jingina da sauran ya huta.

Wannan bai nuna taro ba shi da amfani ba. A ma'aikatar bincike ta kamfanin Bell da ke Jihar New Jersey, da gangan aka gina dogayen baranda, aka cuɗanya ɗakunan masana fanni dabam-dabam, domin mutum in ya fito daga ɗakinsa lalle ya ci karo da wanda ya san abin da shi bai sani ba. A nan ne cikin Disamba 1947 John Bardeen da Walter Brattain, ɗaya gwanin lissafi ɗaya gwanin gwaji da hannu, suna aiki kafaɗa da kafaɗa, suka ƙago taransista, ɗan ƙaramin abin nan da ya sa rediyo ta ƙanƙance har makiyayi ya rataya ta a kafaɗa. Shugabansu William Shockley kuwa ya keɓe kansa 'yan makonni, har da kwanakin da ya yi shi kaɗai a wani masauki a birnin Shikago, cikin Janairu 1948 ya fito da wani fasali wanda ya fi na farko ƙarko.

Daga baya aka shiga yayin rushe bangon ofisoshi, a zuba ma'aikata cikin babban ɗaki ɗaya, wai don su riƙa shawara da juna. A 2018 masana na Jami'ar Harvard suka auna abin da ya faru a manyan kamfanoni biyu da suka yi haka. Suka tarar magana ido da ido ta ragu da wajen kashi 70 cikin 100, saƙonnin kwamfuta suka ƙaru. Mutum in aka hana shi bango na ƙasa, sai ya gina wani da fuskarsa, ya sunkuyar da kai ya ƙi duban kowa.

Inda Aka Yi Sake

To, a dawo gida. Ofisoshi da yawa na zamanin nan sun zama zaure ba turaka. A ɗauki misalin akawun da ke shirya takardar albashin ma'aikata. Teburinsa yana bakin ƙofa, su huɗu ko biyar cikin ɗaki ɗaya. Ya fara haɗa lissafi, wani ya shigo gaisuwa, ladabi kuwa bai yarda a amsa gaisuwa da ka ba, sai an tambayi gida da iyali da gajiya. Ya koma, mai talla ta leƙo. Ya sāke komawa, waya ta yi ƙara. Kowace katsewa sai ya koma baya ya nemi inda ya tsaya. Ran da sifiri ɗaya ya ɓace, malamin makaranta a wani ƙauye ne zai yi wata guda ba albashi, a kuma ce akawu ba shi da kula, alhali kuwa wurin zamansa ne ya ci amanarsa.

A ɗaya gefen kuma akwai turaka ba zaure. Shugaba ya shige ɗaki mai sanyi, masinja yana tsare da ƙofa, ba ya jin abin da malamin gona ko ungozoma suka gani a ƙauye sai ta takarda, takarda kuwa ba ta faɗin kome duka. In an kira taro ma, kunya da girmama na gaba, waɗanda halaye ne na kirki, su kan hana ƙaramin ma'aikaci buɗe baki bayan babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa. A tashi a ce an yi shawara, alhali mutum ɗaya ya yi magana.

Ginin bulo da rufin kwano ya ƙara wahalar, don cikin bazara zafi ya kan haura digiri 40, ƙara kuma tana ratsa bango. Tun 2001 da wayar hannu ta bazu a Nijeriya, an sami baƙon da ba ya tsayawa a zaure, ba ya sallama, har ƙuryar ɗaki ya ke shiga. Ɗalibin da ke shirin jarrabawa a gidan da ya cika da ƙanne, shi ma yana cikin wannan hali.

Abin da Ya Kamata a Yi

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ga shawarwari shida.

1. Kowace ma'aikata da kowace makaranta ta ware ɗaki ɗaya, kome ƙanƙantarsa, wanda ba a magana a cikinsa, ba a amsa waya, ba a shiga da baƙo. Wanda ya ke da lissafi ko rahoto ko shirin darasi ya ɗauki takardunsa ya shiga.

2. A tanadi wurin haɗuwa na gaskiya, inda babba da ƙarami za su zauna ba tebur a tsakaninsu. Inuwar darbejiya da benci biyu da randar ruwa sun isa. Masu sabon gini su sa wannan wuri a kan hanyar da kowa ya ke bi, ɗakunan natsuwa kuwa a can ciki, kamar yadda zaure da turaka su ke.

3. Inda ɗaki bai samu ba, a yi bango da lokaci. A sanar da jama'a cewa daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 10 na safe, misali, lokacin aikin takarda ne, daga nan ƙofa a buɗe ta ke ga kowa. Amma fa lalle a cika alkawari, in lokacin ganin jama'a ya yi a tarar da ma'aikaci a kujerarsa. In ba haka ba, rufe ƙofa ya zama wulakanci.

4. Kafin taro a aika wa kowa da maganar da za a tattauna tun jiya, kowa ya kwana da ita, ya rubuto abin da ya gani. In an zauna a fara jin na ƙanana, shugaba ya yi magana daga ƙarshe.

5. Bayan taro a danƙa wa mutum ɗaya, da sunansa, ya koma ya tsara abin da aka yanke, a sa ranar da zai kawo a duba. Shawarar da aka bar wa kowa, ba wanda zai ɗauke ta.

6. Iyaye su ba yaro mai karatu wuri da fitila da sa'a ɗaya ko biyu da ba za a aike shi ba, su kuma bar shi ya je wurin abokan karatunsa su yi wa juna tambayoyi. Masu unguwa da masu hali su duba ko akwai zauren da ya zauna ba amfani, a share shi a shimfiɗa tabarmi ya zama ɗakin karatun yaran unguwa.

Jama'a kuma suna da nasu rabo. Wanda ya je ofis ko rumfar mai sana'a ya tarar an duƙufa, ya yi abin da kakansa ya ke yi a zauren mutane: ya yi sallama, ya sami wuri ya zauna, ya jira a fito. Aikin da a ke yi a ciki, wataƙila nasa ne.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani. Magina da shugabannin ma'aikatu da malaman makarantu na ƙasar Daura, kafin su ɗauko fasali daga wata ƙasa, su shiga cikin birni su dubi gidan ƙasa guda ɗaya, su ƙirga ƙofofin da ke tsakanin dakali da turaka, su tambayi dalilin kowace.

Allah ya sa a dace, ya ba ƙasa lafiya da zama lafiya, amin.